Kalmomin Tsakiya: Nasiha ga Matasa Masu Son Faɗaɗa Turancinsu

Yawancin matasan da suka kammala sakandare a ƙasar Hausa suna iya gaisawa da Turanci, suna iya tambayar hanya ko cike takardar neman gurbin karatu, kuma suna aika saƙonni a Facebook da WhatsApp ba tare da gargada ba, amma da zarar an miƙa musu littafin tattalin arziki na shekarar farko a jami'a, ko sharhin edita a jarida, ko takardar yarjejeniyar ɗaukar aiki, sai karatun ya riƙa cijewa, har mutum ya kai ƙarshen shafi bai iya faɗin abin da marubucin yake nufi ba. Akan yi saurin ɗora laifin wannan cijewa a kan nahawu, alhali idan aka zauna da ɗalibin aka bi shafin jimla bayan jimla, za a tarar ginin jimlolin bai gagare shi ba, abin da ya tare masa hanya wasu kalmomi ne goma ko goma sha biyar waɗanda ya sha gani har yana jin kamar ya san su, amma bai taɓa tsayawa ya tantance ma'anarsu ba.

Wasu masana ilimin koyarwa uku a Amurka, Isabel Beck da Margaret McKeown da Linda Kucan, sun kasa kalmomin Turanci gida uku a wani littafi da suka fitar a shekarar 2002, kuma ko da yake yaran da Turanci ne harshensu na gida suka yi wa rabon, yana da amfani ga duk mai koyo. Gida na farko shi ne na kalmomin yau da kullum, irin su “water” da “market” da “happy”, waɗanda ake tsinta a bakin mutane. Gida na uku shi ne na kalmomin fannu, irin su “photosynthesis” a nazarin tsirrai ko “isotope” a kimiyyar sinadarai, waɗanda malamin darasi yakan tsaya ya bayyana domin ya san sababbi ne ga kowa. Gida na biyu, wanda yake tsakanin waɗannan, shi ne na kalmomi irin su “reluctant” da “mitigate” da “plausible” da “undermine” da “arbitrary”, waɗanda ba a cika jin su a hira ba amma babu littafin ilimi ko jarida da ba su cika ba, kuma ba na wani fanni ɗaya ba ne balle a ce malamin wannan fanni zai ɗauki nauyin koyar da su. Malamin lissafi yana ɗauka malamin Turanci ya koyar da su, malamin Turanci kuma yana fama da manhaja mai faɗi cikin aji mai cunkoso, saboda haka sai su zama marayu, kuma babu wanda zai kula da su sai shi ɗalibin da kansa.

Girman aikin ba abin kintace ba ne, domin an auna shi. Michael West, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Daka ta yankin Bengal, ya wallafa jerin kalmomi kusan 2,000 a shekarar 1953 waɗanda suka fi kowaɗanne yawan fitowa a rubutu, kuma su kaɗai sukan ɗauki kimanin kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke cikin rubutun da aka saba karantawa. Kashi 80 yana da daɗin ji, amma ma'anarsa ita ce kalma ɗaya cikin kowace biyar baƙuwa ce, wato a shafi mai kalmomi 300 mai karatu zai yi tuntuɓe sau 60. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan fage, ya nuna a shekarar 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin ƙagaggen labari ba tare da taimako ba yana bukatar sanin kusan kashi 98 na kalmomin da ke gabansa, kuma kaiwa ga wannan matsayi yana bukatar dangin kalmomi tsakanin 8,000 zuwa 9,000. Abin da ake nufi da dangin kalma shi ne kalma tare da 'ya'yan da aka tsirar daga gare ta, kamar yadda “decide” da “decision” da “decisive” da “undecided” suke dangi guda. Tazarar da ke tsakanin 2,000 da 8,000 ita ce filin da matashi zai yi noma a ciki, kuma kusan dukkanta kalmomin tsakiya ne.

Akwai dalili na tarihi da ya sa wannan sashe na Turanci yake da wuya, kuma saninsa yana sauƙaƙa aikin. Asalin Turanci harshe ne ɗan uwan Jamusanci, kuma gajerun kalmominsa na gida da gona daga wannan asali suka fito. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har kusan shekara ɗari uku, sai a 1362 aka yi dokar da ta mayar da shari'a cikin Turanci, amma kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun zauna. Daga baya, a ƙarni na 16 da na 17, malaman Ingila suka yi ta ɗibar kalmomi daga Latin da Girkanci domin rubutun ilimi. Wannan ne ya sa abu guda yakan sami suna uku masu hawa-hawa: “ask” ta gida ce, “question” ta zo daga Faransanci, “interrogate” kuma daga Latin, kuma ta ukun ba ta nufin tambaya kawai, tana nufin tambayar da mai bincike yake yi wa wanda ake tuhuma. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari, domin kalmomin da yake amfani da su wajen shari'a da ilimi da mulki, irin su hukunci da hujja da adalci da sharaɗi da siyasa, daga Larabci suka shigo, kuma ɗaliban makarantun zaure sun daɗe da sanin cewa lugga fanni ne mai zaman kansa da ake zama a karanta. Maƙamomi hamsin na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, ana karanta su a gaban malami kalma bayan kalma musamman saboda tarin baƙin kalmomin da ke cikinsu. Haƙurin da almajirin ilimi yake yi da Hariri shi ne ake nema ga ɗalibin Turanci, sai dai aikin ɗalibin Turanci ya fi sauƙi, tun da kayan aikinsa sun fi yawa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa sanin kalma yana nufin sanin kalma ɗaya ta Hausa, ko wata ta Turanci mai sauƙi, da za a ajiye a gefenta. Kalmomin tsakiya an ƙera su ne domin su bambanta abubuwan da suke kusa da juna, saboda haka wanda bai san iyakar da ke tsakanin kalma da maƙwabciyarta ba bai riƙe komai ba tukuna. A ɗauki jimlar da za a iya gani a kowace jarida bayan damina mai ƙarfi: “The government has taken steps to mitigate the effects of the flood.” Ɗalibin da ya haddace cewa “mitigate” tana nufin magance matsala zai fahimci cewa gwamnati ta kawar da ɓarnar ambaliya, alhali kalmar tana nufin rage tsananin abu mara daɗi wanda ba a iya hana aukuwarsa ba, wato sassautawa, kuma da marubucin yana nufin kawarwa gaba ɗaya da ya ce “eliminate”, da kuma yana nufin hana aukuwa tun farko da ya ce “prevent”. Kalmomin nan uku alkawura uku ne daban, kuma ɗan ƙasar da bai bambanta su ba ba zai san abin da aka yi masa alkawari ba balle ya nemi a cika.

Abin ya fi haka nauyi a labaran zargi. Idan jarida ta rubuta cewa wani “is alleged to have diverted the funds”, tana cewa ne ana zarginsa da karkatar da kuɗin amma ba a tabbatar ba, kuma ta zaɓi kalmar “alleged” da gangan domin kada ta yanke hukuncin da kotu ce kaɗai take da ikon yankewa. Matashin da ya tsallake wannan kalma ya fassara wa abokansa cewa wane ya saci kuɗi ya zubar da mutuncin mutum a kan abin da jaridar ma ba ta faɗa ba, kuma ana ganin irin wannan kullum a shafukan sada zumunta. Haka nan “deny” musantawa ce kawai, wadda mai gaskiya da maƙaryaci duk suna iya yi, amma “refute” a asalin ma'anarta rushe zargi ne da hujja. “Imply” aikin mai magana ne, wato ya nuna abu a kaikaice ba tare da ya furta shi ba, “infer” kuma aikin mai sauraro ne, wato ya ciro abin da ba a furta ba daga abin da aka furta. A asibiti, “chronic” ba ta nufin ciwo mai tsanani kamar yadda da yawa suke zato, tana nufin ciwon da ya daɗe ko yake yawan dawowa, irin su ciwon sukari da hawan jini, kishiyarta kuwa ita ce “acute”, ciwon da ya taso farat ɗaya.

Bayan ma'ana ta zahiri akwai abin da kalma take ɗauke da shi na yabo ko zargi, wanda ƙaramin ƙamus ba ya nunawa. Hausa tana da mai tattali da marowaci, dukkansu ba sa sakin kuɗi da sauƙi, amma ana yabon na farko ana kushe na biyu, kuma haka “thrifty” da “stingy” suke a Turanci. “Famous” da “notorious” duk suna nufin wanda sunansa ya bazu, amma ta biyun ta wanda ya yi ƙaurin suna ce wajen mugun abu, saboda haka ɗalibin da ya tashi a taron yaye ɗalibai ya kira babban baƙo “notorious scholar” da niyyar girmamawa ya zage shi a bainar jama'a. “Plausible” tana nufin magana mai kama da gaskiya wadda hankali zai iya ɗauka, ba tare da an ce lallai gaskiya ce ba. Wasu kalmomin ma suna da fuska biyu masu karo da juna, kamar “sanction”, wadda a wani wuri take nufin amincewar hukuma, a wani wuri kuma takunkumin da ake ƙaƙaba wa ƙasa, kuma jimlar da ta zo a ciki ce kaɗai za ta raba gardama.

Sai kuma batun abokan tafiya. Masanin harshe J. R. Firth na Ingila ya ja hankali a shekarar 1957 cewa ana gane kalma ne ta kalmomin da take yawan zama tare da su, kuma kowane harshe yana da nasa haɗe-haɗen da ba su da wani dalili face al'ada. Bahaushe yana shan magani ko da ƙwaya ce, yana cin bashi, yana yanke hukunci, yana buga waya, kuma baƙon da ya ce ya ci magani za a gane abin da yake nufi amma za a san baƙo ne. A Turanci ana cewa “take medicine” da “make a decision” da “commit a crime” da “pay attention” da “heavy rain”, kuma wanda ya ɗauko haɗin Hausa ya zuba masa kalmomin Turanci zai rubuta “drink medicine” ko “strong rain”, abin da mai duba jarrabawa zai ja wa layi. Saboda haka ba a koyon “mitigate” ita kaɗai, ana koyon ta tare da “risk” da “effects” da “damage”, haka kuma ana koyon “undermine” tare da “confidence” da “authority” da “efforts”, domin abin da take nufi shi ne raunana abu sannu a hankali ta ƙarƙashin ƙasa.

Duk wannan yana kai wa ga tambayar wane ƙamus ya dace. Ƙamusoshin harshe biyu suna da daraja babba, tun daga na G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949, zuwa na Turanci da Hausa da Neil Skinner ya yi, da wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, kuma babu laifi ɗalibi ya fara da su domin ya kama bakin zaren ma'ana cikin harshen da yake tunani da shi. Amma ga kalmomin tsakiya ya wajaba a ƙara da ƙamus na masu koyo, wanda yake bayyana Turanci da Turanci mai sauƙi. A. S. Hornby, wani malami ɗan Ingila da ya koyar a Jafan, shi ne ya jagoranci irin wannan aiki da aka buga a can a 1942, wanda daga baya ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary da ake gani a kantunan littattafai na Kano da Zariya da Sakkwato. Ƙamus na Longman da ya fito a 1978 ya ɗaure kansa da yin dukkan bayanansa cikin kalmomi kusan 2,000 kawai, domin kada mai neman ma'anar kalma ɗaya ya faɗa cikin wasu uku da bai sani ba. Duka biyun, da na Cambridge, ana samun su kyauta a intanet ta wayar hannu, har da muryar da take furta kalmar.

Sai dai mallakar ƙamus daban, iya karanta shi daban. Idan aka buɗe kalmar “reluctant”, abin da yawancin ɗalibai suke yi shi ne su ɗauki layin farko su rufe, alhali kowane sashe na bayanin yana da aikinsa. Da farko akwai alamomin furuci, waɗanda suke nuna cewa nauyin murya yana kan gaɓa ta biyu, kuma wanda ya ɗora shi a kan ta farko zai wahalar da mai sauraro. Sai gajeren rubutu da yake nuna cewa kalmar sifa ce. Sai ma'anar, wadda take nuna jan ƙafa da rashin son yin abu, ba tare da an kai ga ƙin yinsa ba, domin mai “reluctance” yakan yi abin daga ƙarshe ba da son ransa ba, saɓanin wanda ya yi “refuse”. Sai tsarin da take shiga, wato “reluctant to do something”, wanda yake hana ɗalibi rubuta “reluctant of”. Sai jimlolin misali, waɗanda su ne mafi tsada a duk shafin kuma su ne aka fi tsallakewa. A ƙarshe akwai 'yan uwanta, “reluctance” da “reluctantly”. A wajen sunaye kuma akwai harafin U da yake nuna sunan da ba a yi masa jam'i, kuma da ana lura da shi da an daina rubuta “equipments” da “advices” da “informations”. Minti biyu da aka ba kalma ɗaya ta wannan hanya sun fi amfani a kan kalmomi ashirin da aka leƙa a guje.

Hanya ta biyu da take ninka riba ita ce sanin saiwar kalma da abin da ake ɗafa mata a goshi ko a ƙeya. Mai jin Hausa ya san cewa ɗafa-goshin ma- yana fitar da wuri ko mai aiki ko kayan aiki, kamar a makaranta da marubuci da mabuɗi, kuma kalmomin Turanci da suka fito daga Latin haka ake gina su. Saiwar “spect” tana nufin dubawa, saboda haka “inspect” duba cikin abu ne, “spectator” ɗan kallo ne, “retrospect” waiwayen abin da ya wuce ne, “prospect” kuma hangen abin da ke tafe. Saiwar “cred” tana nufin yarda, daga nan aka sami “credible”, abin da za a iya yarda da shi, da “credit”, bashin da ake bayarwa bisa yarda, da “credentials”, takardun da suke sa a yarda da mutum. “Bene” na alheri ne, “mal” na sharri, kamar a “benefit” da “malpractice”. Ɗafa-ƙeya kuma yakan nuna ajin kalma, domin -tion da -ment sukan ba da suna, -ous da -ive sifa, -ly kuma yawanci bayanau. Amma wannan ilimi na yin hasashe ne da kuma riƙe abin da aka koya, ba ya maye gurbin ƙamus, domin akwai tarkuna: ɗafa-goshin in- yakan kore ma'ana, amma “invaluable” tana nufin abu mai darajar da ba ta ƙiyastuwa, “inflammable” kuma tana nufin abu mai saurin kama wuta, kuma wannan rubutu ne da ake gani a jikin tankar mai, inda kuskuren fahimta yake iya cin rai. Ɗaliban Nijar da na Kamaru da Cadi waɗanda suka yi karatu da Faransanci suna da babban rabo a nan, domin dubban kalmomin tsakiya sun riga sun san su ta wata fuska, amma su ma su yi hattara da masu kama da juna: “actually” tana nufin a haƙiƙa, ba a halin yanzu ba, “eventually” tana nufin daga ƙarshe, ba wataƙila ba, “library” kuma ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba.

Game da waɗanne kalmomi za a fara da su, an riga an yi wa ɗalibi rabin aikin. Averil Coxhead, ita ma daga Jami'ar Victoria ta Wellington, ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi kusan miliyan uku da rabi, ta fitar da dangin kalmomi 570 a shekarar 2000 waɗanda ba sa cikin jerin West amma suna fitowa a kowane fanni, kuma su kaɗai sun ɗauki kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗannan rubuce-rubuce. An kasa su rukuni goma bisa yawan fitowa, rukunin farko yana ɗauke da irin su “analyse” da “assume” da “derive” da “evident” da “significant”. Wanda ya ɗauki dangi biyar a rana, kwana biyar a mako, zai gama jerin cikin mako ashirin da uku, wato ƙasa da wata shida, kuma da wuya a sami wani aiki na wata shida da zai fi wannan amfani ga mai shirin shiga jami'a.

Jeri kaɗai ba ya wadatarwa, domin kalma ba ta zama a ƙwaƙwalwa sai an haɗu da ita sau da yawa a wurare daban-daban, kuma karatu mai yawa ne kaɗai yake ba da wannan. Sharaɗin shi ne a zaɓi abin da bai fi ƙarfin mai karatu ba, wato shafin da baƙin kalmominsa ba su wuce biyar ko shida ba, domin idan sun yi yawa ba a iya hasashen ma'ana daga jimla kuma gajiya takan sa a ajiye littafin. Littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki domin masu koyo sun dace da farko, sai ƙagaggun labaran marubutan Afirka, waɗanda duniyar da suke bayyanawa sananniya ce ga mai karatu. Akwai kuma dabara mai sauƙi ga Bahaushe: ya karanta labarin ranar a Aminiya ko a shafin BBC Hausa, sannan ya nemi labarin a Daily Trust ko a shafin BBC na Turanci, domin tun da ya riga ya san abin da ya faru, hankalinsa zai koma kan kalmomin da aka zaɓa wajen faɗarsa. Kada ya tsaya a kan kowace baƙuwar kalma, ya ja mata layi da fensir ya wuce, sai ya kai ƙarshen labarin ya dawo ya zaɓi waɗanda suka maimaitu ko waɗanda ma'anar jimla ta rataya a kansu.

Mantuwa ita ce abokiyar gaba ta gaske, kuma an san halinta. Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jamus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya wallafa sakamakon a 1885, inda ya nuna cewa mafi yawan abin da ake mantawa yana zubewa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Wannan shi ne hikimar tilawa da masu haddar Alƙur'ani suka riƙe tun da daɗewa. A 1972 Sebastian Leitner ya mayar da wannan bincike tsari mai sauƙi: a rubuta kalma a fuskar ƙaramin kati, ma'anarta da jimlar da aka same ta a ciki a bayansa, a sa katunan cikin akwati mai ɗakuna, katin da aka tuna ya matsa zuwa ɗakin da ba a cika dubawa ba, wanda aka manta kuma ya koma ɗakin farko da ake dubawa kullum. Kwalin takalmi da takardun da aka yayyanka sun isa, mai waya kuma yana iya amfani da manhajar Anki da take yin wannan lissafi da kanta. Muhimmin abu shi ne ɗalibi ya yi ƙoƙarin tuno ma'anar kafin ya juya katin, domin wannan ƙoƙarin shi ne yake kafa kalmar, sake karanta jeri da ido kuwa yana ba da jin an sani ne kawai.

Wajibi ne a yi gargaɗi a kan wata cuta da takan kama matashin da ya fara jin daɗin sababbin kalmomi, wato dogon Turanci. Ana samun masu tara kalmomi masu tsawo da ba kowa ya san su ba domin a yi musu tafi, kuma yara sukan ɗauka wannan shi ne ƙwarewa. Marubucin Ingila George Orwell ya yi kashedi a wata maƙala ta 1946 cewa kada a ɗauki doguwar kalma inda gajeriya za ta yi aikin, kuma duk wanda ya karanta Chinua Achebe zai ga yadda aka girgiza duniya da Turanci mai sauƙi. Ana koyon “mitigate” ne domin akwai wurin da babu kalmar da za ta zauna daidai sai ita, kuma wanda ya cusa ta inda “reduce” ta wadatar ya nuna bai gama fahimtarta ba. Haka kuma ya kamata a lura da kalmomin da suka sauya ma'ana a bakin 'yan Najeriya, kamar “severally”, wadda ake amfani da ita a nan da nufin sau da yawa, alhali a daidaitaccen Turanci, musamman a takardun shari'a, tana nufin kowa a kan kansa, ɗaya bayan ɗaya.

A jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, da ta WAEC da NECO, akwai tambayoyin da ake ja wa kalma layi a ce a zaɓi mafi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta, kuma masu tsara tambayoyin sukan sa zaɓi biyu da duk suke fassara kalmar amma ɗaya ne kaɗai ya dace da wannan jimla, abin da ya sa mai hadda ba tare da jimla ba yake faɗuwa a nan. Har a sauran darussa, kalmar umarni ita ce take yanke makin amsa, domin “outline” tana neman manyan batutuwa a taƙaice, “contrast” tana neman bambance-bambance, “evaluate” tana neman a auna ƙarfi da rauni a yanke hukunci, “justify” kuma tana neman hujja. Ɗalibin da yake son ya san inda ya tsaya yana iya gwada kansa sau ɗaya a mako: ya karanta sharhin edita guda, ya rufe jaridar, ya rubuta abin da marubucin ya ce cikin jimla uku na Hausa, sannan ya sake rubuta shi da Turancinsa yana amfani da biyu ko uku daga sababbin kalmomin makon, ya kai wa malami ko wani yayansa da ya fi shi sani ya duba masa. Duk inda jimlar Hausa ta ƙi fita, a koma sakin layin da ta fito daga ciki, a nemo kalmar da aka tsallake, a yi mata kati.